Babban Yatsan Mama

Saƙon na Yaya ne, amma a wayar Mama ya sauka.

Auta ta rubuta shi ne a ƙarƙashin tebur da hannu ɗaya, ɗaya hannun na kan kwamfuta, bakinta kuma yana ba wani mutum haƙuri a kan firjin da aka kai masa da ƙofa a lotse. Aikinta ke nan a sashen karɓar koke na wani kamfanin sayar da kayan gida: ka wuni da abin sauraro maƙale a kunne, kana lallashin mutanen da ba ka taɓa gani ba har yawun bakinka ya ƙafe. An hana taɓa waya a ɗakin, kowa kuma yana taɓawa, a kan cinya ko a cikin aljihun tebur, ido ɗaya na kan shugabar sashen. Agogo suke kiranta a bayan idonta, don ko banɗaki mutum ya nufa sai ta ɗaga hannu ta duba lokaci.

Tun da safe Yaya ya tashi da wa'azi. Shi ne babba, aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa, nisan kuma bai rage masa son ba da umarni ba. Wai Mama ta daina ɗaukar kiransa, ta daina amsa saƙonsa, ko da asubar yau ya rubuta mata ya ji shiru. Shin Auta ta je ta duba ta kuwa? Yaushe rabonta da gidan? Auta ta danne zuciya ta amsa masa cewa Mama lafiyarta ƙalau, kullum suna tare a waya, in ba ta kula shi to ya binciki kansa. Sai ya turo cewa waya ba ido ba ce.

Nan ranta ya ɓaci. Wa ke tura cefane? Wa ya nemo ma'aikacin da ke zuwa gida ya ɗebi jinin Mama, wa ke karɓar sakamakon, wa ke bin likita da tambaya a kan ciwon sugan nan, wa ke sa ɗan aike ya kai magani har ƙofa? Duk ita ce, duk kuma daga wannan kujerar, tsakanin mai kukan firji da mai kukan fanka. Shi kuwa yana can ya harɗe ƙafa yana koya mata zumunci. Yatsanta ya riga hankalinta:

"Ka daina yi min wa'azi daga nesa. Wallahi na gaji da ita, na gaji da ciwonta, na gaji da komai nata. In ka isa ka zo ka ɗauke ta, ni ma in huta."

Ta tura. Sai da ya tafi ta lura da hoton da ke saman allon, ɗan ƙaramin hoton dattijuwa mai tabarau tana murmushi da gefen baki. Sunayen biyu a jere suke a wayarta, Mama a sama, Yaya a ƙasa.

Mai firji yana ta zuba a kunnenta, ba ta san me yake cewa ba. Ta danne saƙon tana lalubar inda ake gogewa, amma kafin ta kai, wayar ta yi ɗan motsi a cinyarta. Amsa ta iso. Babban yatsa ne a ɗage, rawaya, alamar nan da ake turawa a ce na gani, na yarda, madalla.

Da zaginta Mama ta yi da ya fi mata sauƙi. Ta san mahaifiyarta, ba mai hayaniya ba ce. In aka ɓata mata sai ta ƙara ladabi, ta yi maka irin "to" ɗin da za ka kwana kana juyi. Kunya ta rufe Auta har ta kasa ko tunanin kira, don da wane baki za ta fara? Ta sallami mai firji da alkawarin da ba ta san ko za a cika ba, ta sunkuya ta rubuta ban haƙuri. Ta ce ɓacin rai ne, ta ce ba haka take nufi ba, ta ce don Allah Mama ta yafe mata. Babban yatsa ya dawo. Ta sake rubuta wani mai tsawo, hawaye na ɗiga a kan allon tana sharewa da gefen hannu. Bai isa a ce an karanta ko rabinsa ba amsa ta iso, yatsan nan dai, a ɗage abinsa.

Saurin ne ya tsaya mata a rai, domin Mama ba mai karatun gaggawa ba ce. Rayuwarta duka a ofis ta yi ta tana buga tafireta, har ta yi ritaya ba ta yarda takarda ta bar hannunta da kuskure ba. Da aka saya mata waya, saƙonninta da gaisuwa da waƙafi da aya suke zuwa, wani lokaci har da gyaran rubutun Auta a ƙarshe. Kira kuwa in ta yi, sai an bi ta kan maƙwabta da ciwon gwiwa da mafarkin jiya kafin a zo kan dalilin kiran. Auta, wadda ke komawa gida da maƙogwaro a bushe, ba ta da sauran magana ga kowa. Don haka wata rana ta je ta zaunar da Mama ta yi mata gyara. Ta cire makullin wayar, ta kafe sunanta a can sama, ta nuna mata wuri uku da za ta taɓa a jere yatsan ya tafi. Ta ce kira yana ja mata faɗa a wajen aiki, dogon rubutu kuma ba ta da lokacin karantawa. In Mama ta ga saƙo ta danna wannan kawai, ya wadatar.

Mama ta gwada tana kallo. Ta sake gwadawa fuskarta na wajen taga, yatsan ya tafi daidai, ta yi dariya ta ce hannun mai tafireta ba ya jiran izinin ido. Auta ma ta yi dariya a ranar, ta tafi tana yaba wa kanta dabara.

Yanzu sai ta shiga jan allon tana bin tsofaffin saƙonni. Ya jiki? Yatsa. Me kika ci yau? Yatsa. Bargo shuɗi kike so ko kore? Yatsa. Ta tuna a lokacin tsaki ta yi ta zaɓi shuɗin. Ga wasu yatsun kuma da suka zo haka kawai ba ta rubuta komai ba, waɗanda ta ɗauka sabuwar gaisuwar Mama ce, har tana jin daɗinsu. Akwai ɗaya na asubar yau, kuma da asubar yau Yaya ya ce ya rubuta mata. Wato ko waye ya sa wayar Mama ta yi ƙara, Auta ce ke samun yatsan. Ta ci gaba da ja tana neman inda Mama ta rubuta ko da kalma ɗaya. Sai da ta wuce watanni ta samu, shi ma haruffan sun hau kan juna, daga hannun matar da ba ta taɓa yafe wa kowa waƙafi ba.

Ta dawo kan saƙon shekaranjiya ta tsaya. Likita ya ga sakamakon jinin ya canza magani, ya kuma ja mata kunne: sabuwar ƙwayar mai ƙarfi ce, gurbin tsohuwar ta maye, in aka haɗa su sugan jiki zai iya faɗuwa har mutum ya suma, wani lokaci ma ba a tashi. Auta ta sa ɗan aike ya kai sabon maganin, ta rubuta wa Mama da manyan haruffa cewa ta daina shan tsohuwar, farar ƙwayar nan, gaba ɗaya. A ƙarƙashin wannan saƙon ma yatsa ne.

Ta rubuta, "Mama, in kina karanta wannan ki rubuto min sunana." Ta tura, ta zuba wa allon ido. Abin da ta tsinci kanta tana roƙo ya ba ta tsoro. Allah ya sa Mama ta karanta mugun saƙon nan. Allah ya sa fushi ne. Ta gwammace a ce uwarta na can zaune tana kuka saboda ita, da a ce tun watanni ba ta ganin komai.

Yatsa ya zo.

Ta zare abin sauraron ta ajiye a tebur da muryar wata mata a ciki tana faɗa a kan injin wanki. Ba ta kai ƙofa ba Agogo ta sha gabanta, hannu a ɗage, tana tuna mata cewa izini a kwamfuta ake nema, a jira amsa. Da ta kwamfutar aka bi kuwa da amsar sananniya ce. Amma Agogo ta ɗago daga agogonta ta kalli fuskar Auta, sai ta sauke hannun. Auta ta ce, "Mahaifiyata ce." Matar ta matsa gefe, ta ce ta je, za ta karɓi layinta da kanta.

A kan matakala ta kira Mama. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira a bakin titi tana ɗaga wa motoci hannu, ta sake bayan ta faɗa bayan wata tasi ta faɗi unguwar, duk shiru. Ta nemi lambar wani a benen da Mama take, ta ga ba ta da ko ɗaya. Tana da lambar mai kai cefane, da ta mai ɗibar jini, da ta mai gyaran famfo, amma ba ta san ko sunan matar da ƙofarta ke kallon ta Mama ba. Ta kira layin motar asibiti, wata murya mai laushi ta ce mata duk ma'aikata suna kan wani kiran, kiranta yana da muhimmanci, ta ɗan jira, sannan aka sa mata kiɗa. Kalmomin da ita kanta take faɗa wa mutane daga safe zuwa yamma ke nan, ba ta taɓa jin zafinsu ba sai yau. Ta katse.

Sai dabarar saƙon murya ta zo mata. Ta kai wayar bakinta ta ce Mama kada ta ƙara shan kowane magani, ta nemi abu mai zaƙi ta sha, ga ta nan zuwa. Yatsa ya dawo, alamar da ke nuna an saurara kuwa ba ta canza ba. Wuri uku aka koya wa Mama, kuma babu sauraro a cikinsu.

Mai tasin, dattijo mai furfura a gemu, ya dube ta ta madubi ya tambaya ko lafiya. Ta gaya masa a taƙaice. Bai ƙara tambaya ba, ya kashe rediyo ya taka mota, amma gari ba ya buɗe wa kowa hanya don uwarsa ba ta da lafiya. A gada suka tarar da cunkoso, wata motar kaya ta mutu a tsakiya, direbanta ya buɗe gaba yana leƙe kamar zai ga dalilin a rubuce. Auta ta ji kamar ta fita ta ruga da ƙafa.

Abu ɗaya ya rage mata. Muddin yatsa na zuwa, to Mama na numfashi kuma hannunta na aiki. Ta fara tura aya, ɗigo ɗaya tak, don dai wayar can ta yi ƙara. Ta tura, yatsa ya zo, ta sauke numfashi. Suka matsa tsawon mota biyu. Ta sake turawa, wannan karon ya daɗe, har ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, sannan ya iso. Na gaba ya fi shi daɗewa. Da suka sauka daga gadar sai yatsu suka shigo a jere, rututu, kamar hannun ya kasa tsayawa, daga baya wani hoton fure da ba ta taɓa ganin Mama ta turo ba. Hannun ya fara kuskure.

Ta tura wata ayar. Ta jira. Suka wuce danja, suka wuce gidan mai, suka shiga layin da ke da rami a bakinsa, ba amsa. Ta tura wata, da wata, har allon ya cika da ɗige-ɗige nata ita kaɗai. Mai tasin ya ce ta yi haƙuri sun kusa, ita ko jinsa ba ta yi ba.

Motar ba ta gama tsayawa ba ta fice. Ta haye benen tana tsallake matakala, ta buga ƙofa tana kiran Mama, ba motsi sai muryar rediyo a ciki. Makullin gidan yana cikin tarin makullanta, amma ta tsaya tana juya su ta rasa wanne ne, don rabonta da sa shi a ƙofar nan ta manta. Ta gwada na farko ya ƙi shiga, na biyu ya shiga ya ƙi juyawa. Ta zagi kanta a fili. Wani ɗan siriri da ta ɗauka na tsohon ofis ne shi ya buɗe.

Falon ba yadda ta san shi yake ba. An ture kujeru duka sun jingina da bango, tsakiya fayau. An ɗaura wata igiyar shanya daga hannun ƙofar ɗaki zuwa ƙofar banɗaki, daidai tsayin ƙugu. Bargon shuɗi yana kan kujera a cikin ledarsa. Tabarau na kan tafiretar da aka lulluɓe da ƙyalle, a naɗe, da alama ya kwana biyu ba a sa shi ba. Duk wannan ta gan shi a wuce, don ƙafafun Mama ta hango ta ƙofar ɗaki.

A ƙasa take zaune ta jingina da gado, kanta ya langaɓe gefe, rigarta sharkaf da zufa. Wayar na hannunta a kife, babban yatsanta kuma yana ta ɗan motsi a bayan wayar, yana taɓa wuri uku. A kan ɗan teburin gefen gado kwalaben magani biyu ne a buɗe, an naɗa wa ɗaya roba guda, an naɗa wa ɗayar biyu, don hannu ya bambanta su.

Auta ta durƙusa ta kama kafaɗunta tana kira. Idanun suka buɗe da ƙyar. Leɓɓan suka motsa, "Auta?" Amma wajen ƙofa Mama ta kalla, alhali fuskar 'yarta na dab da tata.

Tana jin magana, to tana iya haɗiya. Auta ta ruga kicin tana buɗe gwangwanaye, kowanne da zare a ɗaure a wuyansa, wani ƙulli ɗaya wani biyu. Gishiri, ganyen shayi, garin madara marar zaƙi. Babu sukari, kuma ba za a samu ba, don ita da kanta ta cire shi daga cefanen tun da aka gano ciwon, har tana yi wa Yaya gorin irin kulawarta. Ta fito ta daki ƙofar da ke kallon tasu da hannu biyu. Wata mata mai goyo ta buɗe, ta ji abin da ake nema, ta juya ta dawo da gwangwanin sukari da cokali. Sai da suke durƙushe, Auta na ɗura wa Mama ruwan sukarin kaɗan-kaɗan matar na tallafe da kanta, sannan ta tambaya a hankali ko ita ce 'yar. Ta ce ta daɗe tana ganin Mama na lalubar ramin makulli, ta yi mata magana, Mama ta ce ai 'yarta ta sani, kullum suna tare a waya.

Auta ta ci gaba da kai cokali. Rawar da jikin Mama ke yi ta fara lafawa. Mama ta haɗiye da kanta, ta yamutsa fuska, ta ce wa ya zuba wannan uban zaƙin, so ake a kashe ta? Maƙwabciyar ta yi dariya, Auta ta fashe da kuka. Mai tasin, wanda ashe ya biyo ta sama yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce kukan ya jira tukuna, su kama masa a sauka da ita.

La'asar ta yi kafin komai ya natsa. An kwantar da Mama a asibiti, a gadon da ke kusa da taga, an sa mata ƙarin ruwa, an ce za ta kwana don maganin bai gama fita daga jikinta ba. Wata nas ta ce an zo a kan gaɓa, ta ce gobe likitan ido zai duba ta, kuma ba ta yi alkawarin komai a kan idon ba. Da ta tambayi wa ke zaune da ita a gida, Auta ta kalli ƙasa, Mama ta ce ita da rediyonta.

Bayan nas ta fita Mama ta yi bayani ba tare da an tambaye ta ba, a muryar mai ba da rahoto. Abin a hankali ya zo, da fari ƙananan haruffa, sannan manya, yanzu haske take gani da inuwar mutum in ya gitta. Kira ya gagare ta ɗauka, don abin da ake ja yana zame mata. Ɗan aike ya ce ƙwaya ɗaya bayan karin safe, bai ce a bar waccan ba, ita kuma ba ta saba barin abin da ba a ce ta bari ba. Auta ta tambaye ta don me ba ta faɗa ba, ko ta bakin mai ɗibar jini, ko ta bakin maƙwabciya. Mama ta ce ai an ce mata kira yana ja wa mutum faɗa a wajen aiki. Ta ce kullum tana cewa in Auta ta zo za ta gani da idonta, ba sai an faɗa ba.

Auta na zaune a bakin gadon da sauƙi biyu a ranta, ɗaya mai kyau ɗaya abin kunya: Mama ta rayu, kuma Mama ba ta ga saƙon ba. Wayar Mama tana cikin jakarta, ta tsinto ta daga ƙasan ɗakin. Taɓawa biyu ya isa a ce ba a taɓa rubuta shi ba.

Sai Mama ta miƙo hannu, ta laluba har ta kama tsintsiyar hannunta. Ta ce yau wayar ta yi ƙara fiye da kullum, tun tana da hankalinta. Ta ce watanni ke nan 'yarta na yi mata magana ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

"Karanta min na yau. Fara daga na farko."

Auta ta ciro wayar, ta kai kan saƙon. Ta gyara murya, irin muryar da take lallashin masu firji da ita, ta ce, "Na ce, Mama ina kwana, ya ƙarfin jiki, da fatan kin..."

Hannun da ke riƙe da ita ya ƙara matsewa.

"Auta. Shekara da shekaru ana yi min shifta ina bugawa. Na san muryar mai karantawa, na san ta mai ƙirƙira. Karanta abin da ke wurin."

Ta so ta ce na Yaya ne, ta so ta fara da ban haƙurin da ya biyo baya, amma an ce daga na farko. Ta karanta. A rubuce layi huɗu ne da aka buga cikin fushi, a baki kuwa kowace kalma sai da ta yi mata nauyi. Na gaji da ita. Na gaji da ciwonta. Ta ji muryarta tana faɗin haka a gaban matar, a ɗakin da ba inda za ta kai fuskarta, har ta kai "ni ma in huta" da abin da ya rage mata na numfashi.

Mama ba ta sake ta ba. Ta daɗe fuskarta na wajen hasken taga, ruwan ƙarin na ɗiga a hankali. Wani ya wuce a baranda yana tura keken marasa lafiya mai ƙarar ƙafa.

"Ni kuma me na amsa?"

"Yatsa, Mama."

"Wato na ce madalla."

"E."

Gefen bakin Mama ya ɗan motsa, irin na hoton, amma idonta ya kawo ruwa, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ce abin ya yi mata zafi, ba za ta ce bai yi ba. Sannan ta juyo, wannan karon daidai inda muryar take.

"Amma akwai kuskure a ciki, kin san ba na barin kuskure. Ba ki gaji da ni ba, Auta. Ba ki zo ba balle ki gaji. Ki zo ki zauna, in dame ki da ciwon gwiwa da mafarkin jiya, ki kai ni banɗaki, ki ƙirga min ƙwaya. In kin gaji a lokacin ki faɗa min a gabana, zan yarda."

Auta ta kifa goshinta a kan hannun da ke riƙe da ita, tana kuka. Mama ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce to a ci gaba, akwai saura, a karanta mata har na bargon da aka ce an aiko.

Wayar Auta ta yi ƙara a cinyarta. Yaya ne, yana tambaya ko an samu labari. Kafin ta ɗago, ta ga ɗaya hannun Mama, mai allurar ƙarin ruwa, ya motsa da kansa a kan zanen gado, babban yatsan ya taɓa wuri na farko, ya taɓa na biyu. Auta ta kama shi kafin ya kai na uku, ta riƙe. Da ɗaya hannun ta danna kiran Yaya, ta kai wayar kunnen Mama.